Amsoshin Tambayoyinku: Giya a Jirgin Shaƙatawa da Jan Mai Zamiya a Kan Ruwa

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake haɗuwa a filinmu na amsoshin tambayoyinku. A wannan mako wasiƙu da dama sun taru a kan abu guda, wato dokokin jiragen ruwan shaƙatawa a Amurka da Kanada da Ingila, sai muka ga gara mu haɗa su wuri ɗaya. Ga ta farko.

Wani ɗan'uwanmu ne ya rubuto daga birnin Houston na jihar Texas. Ya ce: "Abokan aikina sun gayyace ni yawo a jirgin ruwan ɗayansu a tafkin Conroe. Sun san ba na shan giya, shi ya sa suka ce ni zan riƙa tuƙa su, su kuma su sha abinsu. A mota dai na san ko buɗaɗɗiyar kwalba aka gani, mutum ya shiga uku. Shin a ruwa ma haka abin yake? Kada in je zumunci in kwana a hannun 'yan sanda."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Maganar ko ya dace ka zauna a inda ake sha, wannan ta malamai ce, ba ta wannan fili ba. Mu abin da doka ta ce za mu faɗa maka.

A Texas, kamar a akasarin jihohin Amurka, dokar da ta hana buɗaɗɗiyar kwalbar giya a cikin mota ba ta bi mutum zuwa kan ruwa ba. Fasinjan da ya kai shekara 21 yana iya shan abinsa a cikin jirgi, babu mai kama shi, sai fa idan tafkin yana cikin wani gandun gwamnati mai nasa sharaɗin, don haka a karanta allon da ke bakin ruwa kafin a shiga. Wanda doka ta zuba wa ido shi ne mai riƙe da sitiyari. Idan aka auna shi aka samu barasa ta kai kashi 0.08 cikin ɗari a jininsa, wato miligiram 80 a cikin kowace mililita 100, to ya taka doka. Wannan shi ne ma'aunin gwamnatin tarayya tun 2001, lokacin da aka rage shi daga 0.10, kuma shi ne ma'aunin Texas. Jihar Utah ma ta fi tsanani, tata iyakar 0.05 ce. Masu tuƙa jiragen haya da na kasuwanci kuwa 0.04 aka yanka musu. Kuma ba lallai sai an kai wannan adadi ba. Idan jami'i ya ga alamar maye ya taɓa hankalin matuƙi, zai iya kama shi ko da awo bai kai can ba.

Hukunci a Texas ba na wasa ba ne. Karon farko, tara har dala 2,000, da zaman kurkuku daga sa'o'i 72 zuwa kwana 180. Idan aka kashe rai, ɗaurin shekara 2 ne zuwa 20. Wanda kuma ya ƙi yarda a auna shi, alhali injin jirginsa ya kai ƙarfin doki 50, lasisinsa na tuƙin mota ne za a dakatar, ka ga laifin ruwa ya biyo shi tudu.

Tunda kai ba ka sha, wannan duk ba naka ba ne. Amma akwai abin da ya shafe ka kai tsaye. Idan an haife ka daga ranar 1 ga Satumba 1993 zuwa sama, Texas ba ta yarda ka tuƙa jirgi mai inji fiye da ƙarfin doki 15 ba sai kana da katin shaidar ka yi darasin tuƙin jirgin ruwa. Ana yin darasin ta intanet. Sannan tun daga 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ta ce matuƙin ƙaramin jirgi, wanda tsawonsa bai kai ƙafa 26 ba, ya maƙala igiyar kashe inji a jikinsa duk lokacin da yake gudu. 'Yar igiya ce da ake ɗaurawa a hannu ko a riga, da zarar matuƙi ya faɗa ruwa ta fizgo, inji ya mutu nan take. In babu ita, jirgin yakan ci gaba da zagayawa shi kaɗai, ya dawo da farfela kan wanda ya faɗo.

Yanzu bari in ɗan tsaya a nan, domin akwai abin da ban so ka tafi ba ka ji ba. Abokanka sun ɗauko dabarar mota ne, wato a samu mutum ɗaya da bai sha ba ya yi tuƙi, shi ke nan kowa ya tsira. A mota dabarar tana aiki, saboda fasinja a zaune yake, an ɗaure shi da bel, ƙofa a rufe. A jirgi babu ƙofa, babu bel, kuma mutum yana tashi tsaye. A watan Disamba na 2001 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani bincike da aka yi kan mace-macen jiragen shaƙatawa a jihohin Maryland da North Carolina. Abin da masu binciken suka gano shi ne haɗarin mutuwa yana ƙaruwa tun daga ɗan abin da mutum ya kurɓa, kuma wanda ya sha yana cikin haɗari iri ɗaya ko shi ke tuƙi ko fasinja ne, ko jirgin yana tafiya ko yana tsaye. Mutum ya miƙe zai yi fitsari ta gefen jirgi, ko ya sunkuya zai ɗauko hularsa, ko ya ce bari ya ɗan yi iyo, shi ke nan.

Dalilin a jiki yake. Rana tana dukan mutum, iska tana kaɗa shi, ƙarar inji a kunnensa, jirgi yana rawa a ƙarƙashinsa, haske yana dawowa daga ruwa cikin ido. Bayan 'yan sa'o'i, ko wanda bai sha komai ba zai ji ya yi laushi, hankalinsa ya rage kaifi. Giya kuma ta zo ta hau kan wannan gajiya. Sannan tana rikita sashen cikin kunne da ke gaya wa mutum ina sama ina ƙasa, har ya zama wanda ya faɗa ruwa a buge yana iya nutsawa ƙasa yana zaton sama yake nufa. Tana kuma buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa zuba yake yi, ruwan sanyi ya gama da shi da wuri.

Alƙaluman dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka na shekarar 2023 sun nuna mutum 564 suka mutu a haɗurran jiragen shaƙatawa. Giya ce kan gaba cikin dalilan da aka sani, ta ɗauki kashi 17 cikin ɗari. Uku cikin huɗu na mamatan nutsewa suka yi, kuma cikin waɗanda suka nutse ɗin kashi 87 cikin ɗari ba su sanye da rigar kariya. A ganina wannan giɓi ne a dokar, ta kama matuƙi ta saki fasinja, alhali ruwa bai bambanta su ba. Saboda haka Malam, idan ka karɓi sitiyari, ka karɓi shugabancin jirgin ke nan. Ka ƙirga rigunan kariya, kowane kai da tasa, doka ce. Ka kuma sa sharaɗi tun a bakin ruwa cewa wanda ya sha zai sa tasa, kuma ba ya shiga iyo. Idan ba su yarda ba, ka ba su makullinsu.

Wasiƙa ta biyu daga Yawuri take a jihar Kebbi, daga wani malamin makaranta da ya ce mahaifinsa ɗan fito ne. Ya ce: "Na ga hoton bidiyo a waya, Bature yana tsaye a kan alluna biyu, ya riƙe igiya, jirgi mai inji yana jansa a guje a kan ruwa. Na nuna wa Baba, ya ce wannan neman mutuwa ne. Wa ya ƙirƙiro wannan wasa, kuma gwamnatinsu tana barin kowa ya yi yadda ya ga dama?"

Malam, a gaida mana Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Wasan zamiya a kan ruwa ke nan, kuma an san wanda ya fara shi. Wani saurayi ne ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson, a garin Lake City na jihar Minnesota, a kan tafkin Pepin, inda kogin Mississippi ya yi faɗi. A bazarar 1922 ya gwada katakon ganga, bai yi ba, ya gwada allunan zamiyar ƙanƙara, su ma suka nutse. Sai ya sayo katako biyu masu tsawon ƙafa 8 da faɗin inci 9, ya dafa bakinsu a tafasasshen ruwa ya lanƙwasa su sama, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi. Abin da ya gano shi ne sai mutum ya jingina baya, bakin allunan yana kallon sama, sannan ruwa zai ɗaga shi. Bai yi rajistar fasahar ba, wani dabam mai suna Fred Waller ne ya yi a 1925, kuma sai a 1966 ƙungiyar masu wasan ta Amurka ta amince a hukumance cewa Samuelson ne uban wasan. Yau a gasa, jirgi yana jan maza da gudun kilomita 58 a sa'a, mata kuma 55, suna kewaya tulluwa shida da aka jera a ruwa.

Batun doka kuwa, ba a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Sai dai kowace jiha da tata, don haka abin da ya halatta a wannan gaɓa yana iya zama laifi a waccan. Amma idan ka duba su da kyau, duk damuwarsu guda ce: matuƙi ido biyu gare shi, kuma dole ya kalli gaba, to wa zai kalli wanda ake ja a baya?

Kalifoniya ta ce sai an samu mutum na biyu a cikin jirgi bayan matuƙi, wanda ba shi da wani aiki sai kallon mai zamiya, kuma ya kai shekara 12. New York ta ce shekara 10 ya isa. Wannan ɗan sa-ido shi ne ke fuskantar baya, shi ke karanta alamun hannu yana gaya wa matuƙi. Babban yatsa sama, a ƙara wuta. Babban yatsa ƙasa, a rage. Hannu ya gitta maƙogwaro, a kashe inji. Dafa kai, a koma bakin ruwa. Idan mutum ya faɗi ya haɗa hannuwansa biyu a saman kansa, yana nufin lafiya lau yake. Idan bai ɗaga ba, to a juyo da sauri.

Wasu jihohin sun sassauta. Florida da Texas da Minnesota sun ce idan babu ɗan sa-ido, madubi mai faɗi da matuƙi zai riƙa hango baya da shi ya wadatar. A Texas, ko dai ɗan sa-ido mai shekara 13 zuwa sama, ko madubin da bai gaza inci 4 ba a tsawo da faɗi. Ni dai wannan sassauci bai kwanta mini ba. Igiyar da aka saba amfani da ita ƙafa 75 ce, kimanin mita 23. Mutumin da ke wannan nisa, a cikin madubi mai inci 4, jirgi yana tsalle, ruwa yana fantsama a kan gilashin, me za ka gani? Kuma duk daƙiƙar da matuƙi ya ɗauka yana leƙen madubi, gabansa babu mai kallo. Madubi ba ya ihu, ba ya jawo igiya, ba ya miƙa hannu ya ciro wanda ya suma. Masu jiragen da ke son fita su biyu kawai da sassafe su ne suka fi son wannan sassauci, na gane uzurinsu, amma ba zan ba ɗana igiya a kan madubi ba.

Lokacin da ya fi haɗari ma ba lokacin gudu ba ne, lokacin faɗuwa ne. Mutum ya faɗi, kansa kawai ke waje, wani jirgi ya taho a guje bai gan shi ba. Shi ya sa jihohin yamma irin su Kalifoniya da Arizona suka wajabta tuta ja ko ruwan lemo, wadda kowane gefenta bai gaza inci 12 ba. Da zarar mai zamiya ya faɗi, ko yana cikin ruwa yana shirin tashi, ko igiya tana kwance a ruwa, ɗan sa-ido zai ɗaga tutar sama don sauran jirage su kauce. Shi ma wanda ya faɗi ana koya masa ya ɗaga allonsa ɗaya sama a gan shi. Idan jirgi ya zo ɗaukarsa, ya zo ta gefen matuƙi don kada ya ɓace masa, kuma a kashe inji gaba ɗaya kafin ya matso, saboda farfela takan ci gaba da juyawa ko an cire giyar inji.

Da dare an hana. Kalifoniya da New York daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Florida da Texas sun ƙara rabin sa'a bayan faɗuwa, sun kuma ba da rabin sa'a kafin fitowa. Rigar kariya wajibi ce ga wanda ake ja a jihohi da yawa, kuma Florida ta fayyace cewa ba irin wadda ake hurawa da iska ba, domin wanda ya bugi ruwa da wannan gudu yana iya suma kafin ya ja igiyar hura ta. Idan da babur ɗin ruwa za a ja mutum, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ya zama mai kujera uku, ta matuƙi, ta ɗan sa-ido, da ta wanda ake ja idan ya gaji. Waɗannan dokoki sun haɗa da masu hawa robar nan mai kama da tayar mota da ake jan yara a kanta, wadda ta fi allunan yawa a tafkuna yanzu, kuma wanda ke kanta ba shi da ikon juya ta, inda matuƙi ya wurga shi can zai tafi.

Ga wani abu da ya haɗa wannan tambaya da ta farko. A Texas, dokar laifuffuka ta lissafa allunan zamiya cikin abubuwan hawa na ruwa. Ma'ana wanda ke riƙe da igiya a buge, shi ma ana iya kama shi da laifin tuƙi cikin maye, ko da matuƙin jirgin ruwan sanyi kawai ya sha. Kalifoniya da Florida ma haka suka tanada.

Akwai kuma wani salo da Kalifoniya ta haramta tun farkon 2005, inda matasa ke riƙe katakon bayan jirgi da hannu yana jansu a hankali, ba igiya. A daidai wurin hayaƙin inji ke fita, da gubar nan marar wari marar launi, irin wadda ke kashe iyali idan suka kwana da janareta a cikin gida. Numfashi kaɗan mutum ya suma, ya saki hannu, ya nutse. To ka gaya wa Baba, a wannan dai gwamnatinsu ta yarda da shi.

Sai wasiƙar wata Hajiya daga Toronto a Kanada. Ta ce ɗanta ɗalibin jami'a ne, abokansa suna yawan ɗaukarsa zuwa gidajen hutu na bakin tafki a arewacin birnin. Ta tambaye shi ko ana shaye-shaye a jirgi, ya ce mata ai kwale-kwale ne na hannu, ba inji, doka ba ta shafe shi ba. Ta ce: "Gaskiya ne ko wayo yake mini?"

Hajiya, ko dai wayo yake miki, ko shi ma an yi masa. A Kanada tuƙa abin hawa na ruwa cikin maye yana ƙarƙashin dokar manyan laifuffuka ta ƙasa, sashe ɗaya da tuƙin mota, iyaka miligiram 80. Karon farko tarar da ba ta gaza dalar Kanada 1,000 ba, karo na biyu aƙalla kwana 30 a kurkuku, na uku kwana 120. Batun kwale-kwale kuwa kotu ta riga ta yanke. A watan Afrilu na 2017 wani mutum ya ɗauki yaro ɗan shekara 8 a kwale-kwale a kogin Muskoka bayan ya sha, ruwa yana da sanyi da ƙarfi saboda narkewar ƙanƙara, kwale-kwalen ya kife, ruwa ya ja yaron ya faɗa magangara ya rasu. Lauyoyinsa suka ce kwale-kwalen hannu ba ya cikin abin da dokar ke nufi. Alƙali ya ƙi, aka same shi da laifi a 2019, aka ɗaure shi shekara 6, kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario, lardin da Toronto take ciki, kuma ta tabbatar da hukuncin a 2022.

Ontario ta bambanta da Texas ta wata fuska. A nan ko fasinja ba ya sha a cikin jirgi, sai jirgin ya cika sharuɗɗa: yana da wurin kwana na dindindin, da wurin girki, da banɗaki, kuma yana tsaye a ɗaure, ba tafiya yake ba. Wato sai ya zama tamkar gida. Kwale-kwale da ƙaramin jirgin kamun kifi ba su cika ko ɗaya ba. Kuma wanda aka kama yana tuƙin jirgi a buge, lasisinsa na mota ne zai tafi. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma, irin wannan hukunci yana iya taɓa takardun zamansa, wannan kaɗai ya isa ki zaunar da shi ku yi magana. Allah ya shirya mana zuri'a.

Wani mai saurare daga Maraɗi ya aiko da gajeriyar tambaya mai ma'ana. Ya ce ya ga a talabijin ana sa direba ya yi tafiya a kan layi don a gane ko ya sha. To a kan ruwa, inda ko mai azumi tangaɗi yake yi, yaya ake gane wa?

Gaskiyarka, Malam. Shi ya sa jami'an ruwa a Amurka suke da gwajin da ake yi a zaune. Za a sa mutum ya bi yatsa ko alƙalami da ido ba tare da juya kai ba, domin idon wanda ya sha yakan riƙa fizga idan ya kai gefe. Za a sa shi ya rufe ido ya taɓa hancinsa da yatsa, ya riƙa juya tafin hannu a kan ɗayan yana ƙirgawa, da wani gwajin na jera dunƙulen hannu bisa umarni. Idan ya kasa, sai a kai ga na'urar hura iska ko awon jini. Dakarun tsaron gaɓar teku kuma suna da ikon da ɗan sandan hanya ba shi da shi, suna iya tsayar da jirgi su hau su duba ba tare da takardar kotu ba, ba tare da zargin komai ba. Ikon ya samo asali tun 1790, lokacin da sabuwar gwamnatin Amurka ta kafa jiragen sintiri don kama masu fasa-ƙwauri. Tun 2009 kuma ake wani gangamin kame na ƙasa baki ɗaya kowace bazara, wanda yanzu ake yi a kwanakin bikin 4 ga Yuli, lokacin da tafkuna suka fi cika.

Daga Manchester wani bawan Allah ya ce ya ji wai a Ingila babu iyakar sha ga mai jirgin kansa, yana so ya tabbatar.

Abin mamaki, akwai ƙamshin gaskiya. Bayan haɗarin jirgin Marchioness a kogin Thames na birnin Landan a watan Agusta na 1989, inda mutum 51 suka rasu, da binciken da ya biyo baya, majalisa ta yi doka a 2003 mai sa iyakar barasa ga masu tuƙa jirage. Sashen da ya shafi ma'aikatan jirage ya fara aiki, amma sashe na 80, wanda ya shafi masu shaƙatawa, an rubuta shi an ajiye, ba a ƙaddamar da shi ba. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Hukumomin tashoshi da na koguna suna da nasu dokokin, hukumar tashar Landan ta hana tuƙi cikin maye a Thames, kuma idan aka yi asarar rai, tuhumar kisa ce. Wani mutum da ya fita da wata budurwa a jirginsa mai gudu a Thames cikin daren Disamba na 2015 bayan sun sha, jirgin ya kife ta rasu, shekara 6 aka yanke masa a 2018. Daga 31 ga Maris 2023 kuma an shigar da baburan ruwa ƙarƙashin dokar jirage, bayan shekaru da wata kotu ta ce a 2005 su ba jirage ba ne.

Ta ƙarshe daga Kaduna take, wata 'yar'uwa ce ta ce: "Duk maganarku giya ce. Wanda ya sha ƙwaya fa? Kuma mu a nan gida wa ke kula da irin wannan?"

Malama, dokokin nan duka sun haɗa da ƙwaya da wiwi, har da maganin da likita ya rubuta idan yana sa barci ko jiri. A Amurka, ko a jihar da ta halatta wiwi, idan dakarun tarayya suka same ta a jirgi a ruwan da ke ƙarƙashin ikonsu, laifi ne, domin dokar tarayya ba ta halatta ba.

A Najeriya, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ita ce ke da alhakin koguna da tafkuna, jihar Legas kuma tana da tata hukumar, LASWA, kuma a can ne aka fi ganin jiragen shaƙatawa da baburan ruwa. Sai dai abin da ke cin rayuka a kogunanmu ba wasa ba ne, sufuri ne: lodi fiye da kima, tsofaffin jirage, kututturan itace a ƙarƙashin ruwa, da tafiyar dare. Jirgin da ya kife a yankin Patigi na jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu, 'yan biki ya ɗauko cikin dare. NIWA ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Wannan batu ya fi ƙarfin 'yan mintocin da suka rage mana, kuma akwai wasiƙu a kansa daga Yawuri da Shiroro da Ibi da ke jiran layi, za mu ware musu fili na musamman.

Nan za mu dakata a wannan mako. Mai tambaya ya ci gaba da aiko mana ta hanyoyin da aka saba, a rubuta sunan gari, a kuma taƙaita. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.